Fakitin da Babu Kowa a Ciki

Ƙarfe goma saura na safiyar Lahadi Yaya Yusha'u ya taka birki a kan tudun ƙarshe, kafin hanya ta gangara cikin daji. Motoci tara muka tarar sun yi layi a gefen titi, har da wata babbar mota shaƙe da buhunan masara. Bai tambayi kowa ba'asi ba. Ya saka Golf ɗinsa a bayansu, ya kashe inji, ya zare makulli.

"Lafiya?" na ce, alhali na san amsar. Duk wanda aka yanke wa cibiya a Birnin Gwari ya santa.

"Ba mota daga gaba," ya ce.

A hanyarmu ta Kaduna direba ba ya jiran labari daga rediyo. Motar da ke tahowa daga gaba ita ce labarinsa. Muddin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, hanya lafiya take. In aka yi minti ashirin ko babur bai ɓullo ba, sai a ɗauka 'yan bindiga sun tare ta a ciki, kowa ya gangara gefe ya jira. Kan tudun nan babu sabis ɗin waya ko ɗigo, balle a kira wani a wancan ɓangaren a ji. Kilomita goma sha huɗu ne na daji tsakaninmu da ƙauye na gaba, kuma waɗanda muka tarar sun ce tun takwas da rabi babu abin da ya fito daga cikinsa.

Ni dama da ɓacin raina na baro gida. Sunan 'yar Yaya na zo, 'yarsa ta fari, ranar Juma'a. Ana tsakiyar rabon waina sai Timothy, abokin aikina a Abuja, ya kira ya ce aikin da na shafe wata bakwai ina yi ya kwanta, kuma babu wanda ya gane dalili. Litinin da ƙarfe takwas manyanmu za su zauna a kansa. In ban zo da bayani ba, za a cire shi a mayar da tsohon tsari, ni kuma in koma jan waya a bayan kantocin kwamfuta. Kwana biyu ina kallon abin da na rubuta da hannuna, ban ga aibinsa ba. Yanzu ga shi hanyar ma ta ƙi.

Fasinjoji suka watsu ƙarƙashin wata ɗorawa. Damina ce, masara ta fi mutum tsawo a gonakin gefe, ƙasa na fitar da tururin ruwan jiya. Mama Laraba, wata dattijuwa daga Kuyello da muka ɗauko a tasha da buhun gyaɗarta, ta shimfiɗa zane ta matsa mini. Na zauna na buɗe kwamfutata a cinya, ina huci ni kaɗai.

Yaya ya gama gaisawa da direbobi ya zo ya tsuguna kusa da ni. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni, kuma tun ina firamare yake kirana Injiniya don tsokana, har abin ya zo ya tabbata.

"To, Injiniya, tunda yau Allah ya zaunar da ke wuri ɗaya, fitar da ni daga duhu. Inna na gaya wa mutane gyaran intanet kike yi. Ni kuma na ce musu gadin kwamfuta ne. Wa ya yi gaskiya?"

"Ku duka kun yi mini ƙage."

"To wanke kanki."

Da wata rana ce, da na ce masa ba zai gane ba. Amma na gaji da kallon allon, kuma Yaya mutum ne da in ya ɗauki tambaya ba ya ajiye ta. Yana ɗan shekara sha biyu ya kwance injin markaɗen Inna gaba ɗaya don ya ga abin da ke kuka a ciki. Ya sha duka, amma ya gani.

Na ce masa a Abuja akwai wani gini marar taga, cikinsa sanyi kamar firij, kwamfutoci dubbai jere a kan kantoci, kullum suna aika wa juna saƙo. Hoton jaririyar da ya tura wa Kawu a Legas shekaranjiya, ta irin wannan ginin ya ratsa. Kuma ba a dunƙule ya tafi ba. Yanka shi aka yi gutsi-gutsi, kowane gutsure aka naɗe shi, aka rubuta masa a goshi inda ya fito da inda za shi. Shi muke kira fakiti.

"Kamar na shuga?"

"Kamar na shuga, sai dai ba a ganinsa."

"Tsaya. 'Yata aka yanka gutsi-gutsi?"

"Hotonta, Yaya. A can Legas ake sake haɗa shi."

"In gutsure ɗaya ya ɓata fa? Ta isa babu kunne?"

"Sai a sake aiko shi. Shi ya sa wani lokaci kake ganin hoto yana ta juyi bai buɗe ba."

Ya jinjina kai, kamar wanda aka warware wa wata tsohuwar rigima. "To wa ke nuna musu hanya?"

"Yauwa, yanzu ka iso wurina."

Na kwatanta masa da hannu. Akwati ne na ƙarfe, bai fi durowar tebur ba, mai ƙofofi talatin da biyu, kowace ƙofa da wayarta. Suwic muke ce masa. Fakiti ya shigo ta wannan ƙofa, akwatin ya karanta goshinsa, ya duba jadawalin da ke cikinsa, ya fitar da shi ta ƙofar da ta dace.

"Ɗan kamasho ke nan," in ji Yaya.

"Ɗan kamashon da ke sallamar fasinja miliyoyi kafin ka ƙifta ido, ba ya cin abinci, ba ya zagin kowa."

"To ba ɗan kamasho ba ne."

Mama Laraba ta ƙyalƙyale da dariya har da tafa cinya. Ashe tun ɗazu kunnenta na wurinmu.

Na ci gaba. Akwatunan da, daga masana'anta suke zuwa da halinsu a manne. Abin da mai ƙerawa ya koya musu shi ke nan, ko kuka za ka yi ba za su ƙara komai ba. Sababbin kuwa da kai fanko suke zuwa. Kai za ka zauna ka rubuta wa akwatin: ga inda za ka duba a goshin fakiti, in ka ga kaza ka yi kaza, in ba ka gane shi ba ka yar. Abin da ka rubuta shi zai zama halinsa. Aikina ke nan, rubuta wa akwati hali.

Yaya ya gyara tsugunno. Idonsa ya yi irin ƙyallin nan da yake yi in ya ji sabon ƙara a inji.

"Ke wane hali kika rubuta masa?"

Nan na ɗan ji kunya, don ban taɓa gaya wa kowa ba, ko a gida ko a ofis.

"Naka," na ce.

A tsohon tsari, in hanya ta lalace, suwic ba koyaushe yake sani ba. Ci gaba yake da zuba fakiti a cikinta har sai babbar kwamfutar da ke kula da su duka ta lura, ta aiko masa da sabon jadawali. Wannan kan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma a wurinmu daƙiƙa biyu asara ce babba. Ni sai na tuna hanyar nan tamu. Na rubuta masa ya riƙa lura da abin da ke shigowa ta kowace ƙofa. In ƙofa ta yi shiru na ɗan ƙanƙanin lokaci, kada ya jira umarnin kowa, ya daina tura komai ta nan, ya karkatar da fakitocin ta wata hanya.

Yaya ya ƙura mini ido. Sai ya miƙe zumbur ya ƙwala wa direban motar masara kira.

"Baba Mailafiya! Zo ka ji ikon Allah! Ashe mu ne ke koyar da kwamfutar Abuja!"

Baba Mailafiya dattijo ne mai farin gemu, ya fi shekara talatin a kan hanyar nan. Ya taho yana ɗingishi da buta a hannu, ya zauna a kan saiwar ɗorawar. Yaya ya maimaita masa komai, da ƙarin gishirinsa, har ya mayar da akwatin nawa ya kai girman ɗaki. Sannan ya juyo gare ni.

"Yaushe yake sake buɗe ƙofar?"

"In ya ga fakiti ya shigo ta cikinta."

"Daidai. Mu ma haka. To ina matsalar?"

"Da na san inda take ai da ban zauna ina cin raina ba." Na juya musu allon, ko da yake babu abin da za su karanta a kai. "Wata shida muna gwada shi a suwic ɗaya, ko tuntuɓe bai yi ba. A cire waya ya karkata, a mayar ya dawo. Ranar Alhamis aka kawo sabo na biyu, aka sa masa abin da na rubuta, aka haɗa su. Ranar Juma'a wani ma'aikaci ya taɓa wayar da ke tsakaninsu, ta ɗan zare, ya mayar nan take. Tun daga nan fitila kore take a wannan, kore take a wancan, an auna wayar lafiyarta ƙalau, amma ko fakiti ɗaya ba ya ratsa ta sai an kashe su an kunna. Sau uku Timothy ya gwada, sau uku haka."

"Aljanu ne," in ji Mama Laraba.

"Mama, da aljanu ne da na huta. Da sai in ce ba laifina ba ne."

Rana ta take. Motoci suka kai ashirin da uku, biyu suka gaji suka juya gari. Aka yi azahar a kan ciyawa. Mama Laraba ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta bi kowa da ita, har waɗanda ba motarmu ɗaya ba. Ana ci ana hira, amma kowa rabin idonsa na kan gangaren, inda kwalta ke shigewa tsakanin itatuwa. Ni kuma agogo nake kallo, ina lissafin motar Abuja ta ƙarshe da zan iya samu a Kaduna. Na tambayi Baba Mailafiya, da ɗan zafi a muryata, wai har yaushe ake irin wannan zaman.

"'Yata, abin ba shi da agogo," ya ce, yana ɓare gyaɗa a hankali. "Bara war haka a nan muka wuni, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ashe mutanen tun kafin sha ɗaya sun kwashi abin da za su kwasa sun koma daji. Mu muna nan muna jiran motar Kaduna. 'Yan Kaduna suna can bakin ƙauye suna jiran motar Birnin Gwari. Hanya fetal, awaki na kwance a kanta, mu kuma muna ta salati a gefe biyu."

Gyaɗar da ke hannuna ta zube a kan zanen Mama.

Daɗi da haushi suka taso mini lokaci ɗaya. Duk wata shidan nan, a ɗaya ƙarshen wayar tsohon suwic ne, irin mai halin masana'anta, wanda bai san tsoro ba. Shi zuba fakiti kawai ya iya, don haka da zarar an mayar da waya nawa yake ganin motsi ya buɗe ƙofa. Wautar wancan ce ke rufa mini asiri ban sani ba. Ranar da aka sa masu wayo biyu suna fuskantar juna, wannan ya ji shiru ya rufe, wancan ya ji shiru ya rufe, kowanne ya zauna yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Na kwaso dabarar direbobinmu, na haɗa har da ciwonta.

Na jawo kwamfutar. Gyaran bai fi layi goma sha biyu ba, amma don gaggawa ina bugawa ina gogewa. Yaya ya leƙo ta kafaɗata.

"Kin gano?"

"Na gano!" Da ƙarfi na faɗa, har direbobin da ke gefe suka matso. "Dole wani ya fara shiga, shi ke nan. Amma ba za ka tura fakitin mutane ba, mai hoton jaririya ko takardar asibiti. Akwatin zai ƙirƙiri nasa, ɗan mitsitsi, goshi kawai, babu komai a ciki. Ya jefa shi ta ƙofar da ya rufe. In hanya lafiya take, wancan ya gan shi ya buɗe, komai ya dawo daidai. In ba lafiya, fanko ne ya ɓata, ba a yi asarar komai ba."

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma daɗi ya ɗebe ni, kuma bakina tun ina ƙarama ba shi da birki.

"Abu mai sauƙi! Ku ma da haka kuke yi, da yanzu muna Kaduna."

Babu wanda ya yi dariya. Wani direba ya juya ya tofar da ɓawon gyaɗa. Baba Mailafiya ya kakkaɓe hannunsa a kan riga.

"Mu yadda abin ke ƙarewa," ya ce, "haƙurin wani ne ke ƙarewa. Ya ce shi dai zai shiga, ya shiga da motarsa cike. Wata rana ya buɗe wa kowa hanya. Wata rana kuma..." Ya juya tafin hannunsa sama, bai ƙarasa ba.

Yaya ya juya. Motarsa yake kallo, da wannan ƙyallin a ido.

"Cike," ya ce can. "Kuskuren ke nan. Cike muke shiga."

Ya miƙe ya buɗe but. Ya sauke buhun Mama Laraba, ya sauke jakata, ya sauke kwalin wani malamin makaranta da muka ɗauko a kujerar baya. Da farko na ɗauka tayar safiya zai duba. Sai da na ga ya buɗe ƙofar baya yana fito da ledoji da takalman yara, sannan na gane abin da yake shirin yi.

"Yaya, me kake yi?"

"Fanko nake mayar da ita."

"Ba abin da nake nufi ke nan ba!"

"Na sani. Amma lissafin naki daidai ne." Ya nuna wata farar bas da haɓarsa. "Kin ga wancan? Tun ɗazu yake kunna inji yana kashewa. Ba zai ƙara awa ɗaya ba zai shiga, kuma mutum goma sha takwas yake ɗauke da su, har da goyo. Tawa ta fi tasa gudu, ta fi sauƙin juyawa."

"Aikin ya lalace mana! Wallahi na fasa zuwa Abujar. Mu koma gida."

"Ba don Abujarki kaɗai ba ce." Ya rufe but ɗin. "Ko da yake ita ma tana ciki."

"'Yarka kwananta tara a duniya."

"Ni ma na ƙirga, Zulai."

Sai in magana ta kai magana yake kirana da sunana. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga haushin bakina a kai. Na riƙe ƙofar motar da hannu biyu, na ce Baba Mailafiya ya yi wa Allah ya hana shi. Dattijon ya sunkuyar da kai yana kallon butarsa. Direbobin nan duka, su ashirin da wani abu, babu wanda ya ce je ka, babu wanda ya ce kada ka je.

Mama Laraba ce ta taso. Ta tsaya a gabansa, tsawonta bai kai kafaɗarsa ba.

"Ɗana, ka tabbata?"

"Na tabbata, Mama."

"To Allah ya kai ka, ya dawo mana da kai." Ta juyo ta ɓamɓare yatsuna daga ƙofar ɗaya bayan ɗaya. Hannun mai noma ne, ban iya ja da shi ba.

Yaya ya zaro wayarsa ya miƙo mini ta taga.

"Riƙe. Hotonki na ciki, kina tsaye da katin aiki a wuya. In suka gani za su ɗauka ɗan gidan masu hali suka kama."

Ya yi murmushi, ni ban yi ba. Ya yi bisimilla, ya tayar, ya gangara. Motar babu nauyi, sai tsalle take a cikin ramuka. Muka bi ta da ido har itatuwa suka rufe ta. Ƙarfe biyu da minti goma.

Baba Mailafiya ya ce da ramukan nan minti ashirin ne zuwa. In na can suka yarda suka taso, nan da minti arba'in ko da biyar za mu ga motar farko.

Na koma na zauna. Kwamfutar na nan a buɗe, layin ƙarshe yana jiran in ƙarasa shi. Dattijon ya matso kusa da ni. Ina jin so yake ya ɗauke mini hankali da hira, kuma tambayar da ta fara zuwa masa ita ya yi.

"'Yata, shi fankon naki, in bai isa ba fa? Akwatin me yake yi?"

Ban so amsawa ba. "Wani yake turawa."

"In shi ma bai isa ba?"

"Wani."

"Har nawa?"

"Ba iyaka, Baba. Sau ɗari a kowace daƙiƙa, har ranar da hanya ta buɗe."

Ya daɗe yana shafa gemunsa.

"Lallai akwatin nan yana da 'ya'ya da yawa," ya ce.

Na rufe kwamfutar.

Mama Laraba ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta. Tana addu'a ƙasa-ƙasa da harshen Gbagyi, ni ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina ɓatawa ina sake farawa. Minti ashirin ya wuce. Na ce a raina yanzu ya isa. Talatin ya wuce, na ce yanzu yana yi musu bayani, kuma na san shi, sai ya fara daga gini marar taga. Arba'in da biyar ya wuce. Direban farar bas ɗin ya zare makullinsa ya sa a aljihu. Wata mata ta fara kuka a hankali, aka ce ta yi shiru. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna, da abin da zan gaya wa matarsa, da yadda zan ce musu ni na kawo shawarar.

A minti na hamsin da biyar muka ji ƙugi daga ƙasa. Sai ga tankar mai ta ɓullo daga cikin itatuwa, fitilunta a kunne da rana tsaka, tana danna oda ba ƙaƙƙautawa. Wurin ya kaure da kabbara, Mama Laraba ta saki guɗa. Direban tankar ya rage gudu ya leƙo.

"Hanya ta buɗe! Wani mai Golf ne ya fito mana, shi kaɗai!"

Motoci suka yi ta zubowa a bayansa. Na gefenmu kowa ya ruga tasa, ana kiran yara, ana tura kaya. Ni ina tsaye a bakin kwalta ina duba kowace mota. Ta goma, ba shi ba. Ta ashirin, ba shi ba. Farar bas ta tashi, motar masara ta tashi, Baba Mailafiya ya ɗaga mini hannu daga sama. Tudun ya rage daga mu fasinjojin Yaya sai kayanmu a ƙasa.

Shi ne na ƙarshe, a bayan wata akori-kura mai ɗauke da katako. Ya faka ya fito, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa.

"Kin ga mutane?" ya ce. "Da suka ga na fito, kowa ya danno kai. Ba wanda ya ba ni hannu in juya."

Na tanadi maganganu da yawa a cikin minti hamsin da biyar ɗin nan. Ko ɗaya ba ta fito ba. Na dunƙule hannu na kai masa duka a damtse, na sake kai masa, sannan na fashe da kuka a gaban mutane, ni da nake cewa ba na kuka. Ya bar ni na yi mai isata.

"Injiniya," ya ce da na lafa, "tambaya ɗaya ta tsaya mini a hanya. Fankon nan, in ya isa lafiya, me ake yi masa?"

Na share hanci da gefen mayafi. "Yar da shi ake yi. Ya gama aikinsa."

Ya yi dariya. "Haka na yi zato. Kama mini buhun Mama."

Muka loda, na zauna a gaba. Dajin ya rufe mu ta gefe biyu, kore shar, tsuntsaye na ta harkarsu. Malamin makarantar ya fara ba da labarin yadda shi dama tun farko ya san babu komai, Mama Laraba tana ce masa ai ta ga alama lokacin da ya ɓuya a bayan ɗorawa.

Mun yi kamar kilomita takwas, bayan wata 'yar gada, hirar ta yanke. Wata ƙaramar mota ce ja a karkace cikin kwalbati, ƙofofinta huɗu a wangale. Gilashi ya watse a kan kwalta. Wata kular abinci ta kife, shinkafa ta zube, ƙudaje sun rufe ta. A cikin taɓon gefen hanya ga sawun babura da yawa, sun yanki ciyawa sun shige daji.

"Yesu," Mama Laraba ta ce a hankali.

Da muka bar wurin a baya na juya wajen Yaya.

"Ka ganta ɗazu?"

"Na ganta."

"Kai kaɗai. Kuma ka wuce."

"Na ga sawun ya shiga, ban ga ya fito ba. Na ce to sun tafi."

"In da ba su tafi ba fa?"

"Da kun sani," ya ce, idonsa na kan hanya. "Ai don ku sani na je."

Sai a lokacin na lura da hannuwansa. Yaya da yatsa biyu yake tuƙi tun da na san shi, gwiwar hannu a kan taga. Yanzu da hannu biyu ya damƙe sitiyarin gam.